Ciwon hanta, ciwon hanji da raunin kwanciyar aure

Abu Hanif:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, kuma wannan saƙon ma sau uku ina rubuta shi ina gogewa kafin na daure na turo. Shekarata 44, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Shekara shida ke nan da aka gano ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ranar da na je ba wa wani ɗan'uwana jini aka ce nawa ba zai yi ba. Shekara biyu da suka wuce cikina ya fara tara ruwa, ƙafafuna suka kumbura, aka yi hoto aka ce hantar ta fara taurarewa. Tun daga lokacin nake shan tenofobir na danne ƙwayar cutar, da Aldactone na rage ruwa, da Inderal saboda jijiyoyin jini da suka kumbura a maƙoshina. Alhamdu lillahi ruwan ya janye, na koma kasuwa.

Abin da ya kawo ni shi ne, fiye da shekara guda ke nan ba na iya sauke haƙƙin iyalina yadda ya kamata. Sha'awar ta yi ƙasa ƙwarai, idan ma ta zo jikin ba ya amsawa, ga kuma nonona na hagu ya tasa yana zafi har ba na son riga ta goge shi. Na koma ina daɗewa a majalisa sai na tabbata ta yi barci sannan in shiga gida. Ita kuwa ta ɗauka ko na daina sonta ne, ko kuma aure nake nema a waje. Duk ranar da na je asibiti da niyyar faɗa, sai in tarar da ɗalibai uku a tsaye bayan likita, ƙofa a buɗe, wanda ke bina a layi yana leƙowa, sai kawai in ce jiki da sauƙi in karɓi takardata. Makon jiya wani abokina ya kawo mini jarka guda ta maganin gargajiya, ya ce basir ne ya kwantar da ni. Ban sha ba tukuna. Ina neman shawararku, don Allah.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya. A ganina abokinka bai yi kuskure ba, domin mu da muka tashi a karkara mun san cewa basir da sanyi su ne kan gaba wajen kashe ƙarfin namiji, kuma iyayenmu da saiwa da sassaƙe suka yi maganinsu tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar nan. Ka nemi mai magani nagari wanda ya gaji sana'ar, ka rage zaƙi da maiƙo, za ka ga canji da yardar Allah.

Likitan Ciki:
Malam Abu Hanif, Allah ya saka maka da alheri da ka buɗe wannan magana, domin na tabbata akwai da yawa a zauren nan da ke ɗauke da irin nauyin da ka sauke. Aikina kula da masu ciwon hanta da na hanji ne, kuma abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ajiye jarkar nan kada ka kai ta bakinka. Zan dawo kan dalilin, amma bari in fara da abin da ke faruwa a jikinka, domin abin da ka siffanta sanannen sashe ne na ciwon da kake fama da shi.

Jikin kowane namiji yana da sinadarin maza da ake kira testosteron, wanda maraina ke samarwa bisa umarnin da ke saukowa daga wata ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa, yana kuma da ɗan kaɗan na sinadarin mata, wato istrojin. Hanta tana cikin masu riƙe ma'aunin da ke tsakanin waɗannan biyun. Idan ta taurare, abubuwa da dama suna lalacewa a lokaci guda: umarnin da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa yana raunana, maraina suna rage aiki, wani furotin da hanta ke yi yana ƙaruwa ya ɗaure ɗan testosteron ɗin da ya rage ya hana shi amfani, sannan jiki yana juya wani kaso na sinadaran maza zuwa na mata. Shi ya sa muke ganin mai irin wannan ciwo gashin ƙirjinsa da na hammatarsa sun ragu, tsokarsa ta zube, nononsa ya tasa, sha'awarsa ta mutu. A kan wannan kuma sai ka ɗora gajiya, da ƙarancin jini, da rashin barci, da nauyin ciki idan ruwa ya taru.

Na biyu shi ne magungunan da kake sha. Aldactone, wanda sunansa na asali sifironolakton, yana fitar da ruwa sosai, amma yana tare wa sinadarin maza hanya, kuma kumburin nono mai zafi da ka ambata yana cikin illolinsa da kowane likita ya sani. Inderal ma yana iya rage ƙarfin miƙewa ga wasu. Tenofobir kuwa ba a san shi da wannan ba. Na uku shi ne zuciya, domin wanda ya gwada ya kasa sau biyu ko uku, tsoron sake kasawa kaɗai ya isa ya hana shi, ko da jikin yana da sauran ƙarfi. Waɗannan dalilai uku ana iya rarrabe su, kuma kowanne da abin da ake yi masa.

Malam Ɗanjuma:
Likita, da girmamawa, kai da bakinka ka ce maganin asibitin ne ya jawo wani ɓangare na matsalar. To me zai hana ya dakatar da shi ya gwada na gida? Sannan akwai wata gaskiya da ya kamata ku ma'aikatan lafiya ku karɓa. Mutumin nan shekara guda yana zuwa wurinku babu wanda ya tambaye shi halin da yake ciki da iyalinsa. Mai maganin gargajiya kuwa zai zaunar da kai a zaure ku biyu kaɗai, ya tambaye ka da kalmomin da ba za su kunyata ka ba, ya saurare ka har ka gama, kuma kuɗinsa bai kai na gwajin jini ɗaya ba. Mutane ba wawaye ba ne da suke zuwa can.

Likitan Ciki:
Malam Ɗanjuma, rabin maganarka na karɓe ta hannu biyu. Gaskiya ne muna tambayar mara lafiya launin fitsarinsa da na bayan gidansa, mu auna cikinsa, mu duba idonsa, amma mu tsallake wannan tambayar, wani lokaci saboda cunkoso, wani lokaci saboda mu ma kunyar muke ji. Wannan laifinmu ne. Amma batun ya dakatar da magani, a nan ba zan sassauta ba. Inderal ɗin nan shi ne ke rage matsin jini a jijiyoyin da suka kumbura a maƙoshinsa, kuma idan ɗaya ta fashe, aman jini ne wanda kan kashe mutum kafin a kai shi asibiti. Na ga wanda ya daina sha don wannan dalili, aka kawo shi cikin dare zanen da aka rufa masa ya jiƙe da jini. Gudun gara ne a faɗa wa zago. Abin da ya dace shi ne likitansa ya sake duba ma'aunin. Tunda ruwan ya janye, mai yiwuwa a rage Aldactone, ko a musanya shi da wani kamar amilorayid idan zafin nonon ya dame shi. Hukuncin yana hannun wanda ke riƙe da fayil ɗinsa da sakamakon gwajin ƙodarsa.

Game da basir kuma, basir jijiyoyi ne da suka kumbura a dubura, ba su da hanyar da za su kashe gaban namiji. Abin da ya sa nake jin tsoron kalmar shi ne ta zama buhun da ake zuba kowace cuta a ciki. Na ga masu sankarar hanji da masu gyambon hanji da suka yi shekaru suna shan maganin basir.

Maman Sadik:
Ni mai harhaɗa magunguna ce, kuma ina so in ƙara a kan batun jarkar. Duk abin da mutum ya haɗiye, hanta ce ke fara karɓarsa daga hanji ta tace shi. Lafiyayyiyar hanta tana iya jure abubuwa da yawa, amma wadda ta taurare ba ta da rarar ƙarfi, kuma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a san ma'auninsa ba, yana iya tura ta daga halin lallaɓawa zuwa ciwon shawara da ruɗewar hankali cikin 'yan kwanaki. Ba ina cewa kowace saiwa guba ce ba, Malam Ɗanjuma, amma wanda ya haɗa maganin bai ga hoton hantar Malam Abu Hanif ba.

Akwai kuma wata matsalar. Da yawa daga magungunan ƙarfin maza da ake sayarwa a tasha da bayan mota da sunan na gargajiya, har da wasu da ake kira shayi ko kofi ko zuma, ana daka ƙwayar sildenafil a zuba a ciki, wato sinadarin da ke cikin Viagra, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irinsu. Shi sildenafil magani ne na gaske, amma hanta ce ke narkar da shi, don haka a jikin mai ciwon hanta yana daɗewa kuma yana taruwa. Mai lafiya akan fara masa da miligiram 50, mai raunin hanta da 25, wanda hantarsa ta yi tsanani kuwa ba a ba shi. Yana saukar da matsin jini, alhali mai shan Inderal da maganin fitar da ruwa jininsa dama a ƙasa yake, sannan haramun ne a likitance a haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji na dangin naitiret. Wanda ya sha shi a cikin jarka bai san ko 25 ya sha ko 200 ba.

Haka allurar testosteron da wasu ke zuwa nema a kanti. Ba a fara ta sai an auna jini da safe an tabbatar da ƙarancin, kuma wasu nau'o'inta na haɗiya suna cutar da hanta kai tsaye. Wanda ke son ƙarin haihuwa kuma ya sani cewa tana rage yawan maniyyi.

Ummu Ilham:
Ina neman afuwa zan shigo, domin tun da aka fara maganar maza ake ta yi, kamar mu mata ba ma ciwo. Ni cutar Kuron nake da ita, wadda ke sa hanji ya kumbura ya yi gyambo. Kafin a gano ta na yi shekara huɗu ana ba ni maganin taifot, da na atuni, da na basir, har na yi wata shida ina shan na tarin fuka na hanji, sai da aka saka mini na'urar leƙa hanji aka ɗebi nama sannan aka san sunanta.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau shi ne yadda ta shiga tsakanina da maigidana. Idan ciwon ya tashi ina zagayawa sau takwas ko goma a yini, kuma abin da ke raina a duk lokacin da ya matso shi ne kada wani abu ya kuɓuce mini. Akwai daren da hakan ta faru, ya yi mini kara bai ce komai ba, ya tashi ya ɗebo ruwa ya canza zanen gado da kansa, amma ni na yi wata biyu ban iya haɗa ido da shi a ɗaki ba. Ga zafi can ciki kamar ana soka wuƙa, ga wani ƙurji da ya fito kusa da dubura ya fashe ya ƙi warkewa yana tsiyaya. Da aka sa ni a kan firedinisolon, maganin kwantar da kumburi, ciwon ya lafa, amma fuskata ta kumbura ta yi zagaye, ƙuraje suka feso, na daina duba madubi. Da na ɗan yi wa wata 'yar'uwata ishara, sai ta aiko mini da tsimi da gumba da abin matsi, ta ce ni'ima ce ta ƙare mini. Namiji idan ya kasa kowa ya san ciwo ne, mace kuwa sai a ce ba ta iya gyara ba, ko ta cika ƙorafi.

Maman Sadik:
'Yar'uwa Ummu Ilham, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na ji maganarki har cikin raina. Don Allah kada ki cusa komai a gabanki, musamman da wannan ƙurji mai tsiyaya, domin irinsa yakan haƙa hanya a ƙarƙashin fata, wani lokaci har ta ɓulle zuwa farji. Idan bushewa ce, akwai man shafawa mai tushen ruwa da ake sayarwa a kantin magani, ba shi da tsada kuma ba ya ƙona fata.

Likitan Ciki:
Hajiya Ummu Ilham, kin yi daidai da kika ja hankalinmu. Mata masu ciwon hanji mai naci suna fama da wannan ko dai daidai da maza ko fiye, kuma mata masu taurarewar hanta su ma al'adarsu takan rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya, sha'awa ta ragu, gaba ya bushe. Zafin da kike ji yana da dalili a zahiri, domin ƙarshen hanji da farji bango ɗaya ne ya raba su, idan ɗaya ya kumbura ɗayan zai ji. Ita wannan cuta ta Kuron, wadda ta samo sunanta daga likitan Amurka da ya siffanta ta tare da abokan aikinsa a 1932, an san ta da haƙa irin hanyar da Maman Sadik ta ambata, kuma ƙurjin naki yana buƙatar likitan tiyata ya duba shi, a yi hoto a ga inda ya nufa. Ba ya warkewa da ruwan zafi da gishiri kaɗai.

Abin da na lura da shi a wurin aiki shi ne, idan aka kwantar da kumburin hanji, aka cike ƙarancin jini da sinadarin ƙarfe, yawancin matsalar kwanciya tana raguwa da kanta. Firedinisolon na kashe gobara ne, ba a son a zauna a kansa, kuma kumburin fuska yana sauka bayan an janye shi a hankali, amma ba a yanke shi dare ɗaya. Sai dai akwai abin da ke saura ko bayan hanji ya lafa, wato damuwa da ƙuncin rai. A cikin masu wannan ciwo, baƙin ciki mai naci yana cikin manyan abubuwan da ke kashe sha'awa, kuma wanda ya yi wata biyu ba ya iya haɗa ido da abokin zamansa yana buƙatar a yi masa maganin wannan ma. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara ba alamar hauka ba ce. A gaya masa matsalar kwanciyar tun farko, domin wasu magungunan damuwa su ma suna rage sha'awa, sai ya zaɓi wanda ya dace.

Ga mazan da ke shan salfasalazin saboda gyambon babban hanji, ku sani yana rage yawan maniyyi da kuzarinsa, amma abin yana komawa daidai cikin wata biyu zuwa uku bayan an canza magani. Mace mai shan metotireksit kuma kada ta ɗauki ciki a kansa, domin yana illata ɗan tayi. A tsara haihuwa da likita a lokacin da ciwon yake kwance.

Baban Khalifa:
Ni an cire mini babban hanji da dubura shekara uku da suka wuce, yanzu da jakar tara bayan gida nake rayuwa a gefen cikina. Kafin aikin likitan ya gaya mini cewa jijiyoyin da ke sa gaba ya miƙe suna bi ta kusa da inda zai yanka, kuma za su iya taɓuwa. Na yi kusan wata tara babu komai, sannan abin ya fara dawowa kaɗan kaɗan, kuma da ya rubuta mini ƙwaya ta taimaka, tunda ni hantata lafiya take. Wanda ya fi wuya shi ne jakar. Abin da na koya shi ne in zubar da ita in tabbatar ta manne sosai kafin in shiga ɗaki, in guji wake da kabeji da lemon kwalba a yinin, in kuma ɗaura wani ƙyalle mai laushi da uwargidana ta ɗinka mini kamar ɗamara. Ita ce ma ta fara cewa in bar ta ta ga yadda ake canza jakar. Ranar na yi kuka, amma daga ranar ɗakin ya daina yi mini ƙunci.

Malam Abu Sumayya:
Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Na ga kunya ce ke ta dawowa a maganganunku, kuma na san wasu suna tsoron kada su faɗa cikin hanin da ya zo a hadisi game da mai yaɗa sirrin shimfiɗarsa. Wancan hani yana kan mai ba da labari a majalisa don hira ko alfahari. Wanda ya gaya wa likita don neman magani, ko malami don neman fatawa, bai shiga ciki ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mafarkin mace, bayan ta gabatar da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun tattauna raunin namiji a fili a babin aure, har suka yi maganar jinkirta wa wanda ya kasa kusantar amaryarsa shekara guda.

Malam Abu Hanif, shawarata gare ka ita ce ka gaya wa iyalinka. Zaman da kake yi a majalisa har ta yi barci yana cutar da ita fiye da rashin kwanciyar, domin ka bar ta da zato, ita kaɗai tana lissafin laifin da ba ta yi ba. Kuma mu'amalar aure ta fi saduwa faɗi: akwai hira, da wasa, da runguma, da kwana a shimfiɗa ɗaya, duk halal ne kuma duk suna cikin kyautata zama.

Hajiya Maman Amira:
Ni matar mai ciwon hanta nau'in B ce, kuma ina so in faɗi ɓangarenmu. Ranar da maigidana ya kawo sakamakon, wata ma'aikaciya ta ce mini ta hanyar saduwa ake ɗauka, ba ta ƙara komai ba. Na koma gida da zargi a zuciyata, na ware masa kwano da kofi, na daina wanke kayansa tare da na yara saboda an ce har ta gumi ake ɗauka, na ƙaura ɗakin yara. Mutumin da bai taɓa samun matsala ba, cikin wata uku ya zama ba ya iya komai, alhali hantarsa ko tabo ba ta yi ba. Ni na karya shi da hannuna. Sai da aka gwada mahaifiyarsa da ƙannensa biyu aka same su da shi, sannan na gane tun yana jariri yake ɗauke da abinsa.

Likitan Ciki:
Hajiya, abin da kika faɗa yana faruwa a gidaje da yawa. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kuma a ƙasashenmu mafi yawan masu ɗauke da shi na dindindin sun same shi ne wajen haihuwa ko a ƙuruciya. Jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 yakan zauna masa, babban mutum kuwa ƙasa da 5 cikin 100 ne yake zame wa na dindindin. Saboda haka samunsa a jikin miji ko mata ba hujjar cin amana ba ce. Ba a ɗaukarsa ta kwano, ko gumi, ko musabaha. Ana ɗaukarsa ta saduwa, gaskiya ne, amma akwai rigakafi: a gwada abokin zama, idan ba ya da shi a yi masa allura uku, ta farko, da ta bayan wata ɗaya, da ta wata na shida, a yi amfani da kororon roba har a kammala, sannan a auna a tabbatar garkuwar ta kama. Jariri kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma yaɗuwarsa tsakanin miji da mata kaɗan ce ƙwarai, kuma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 12 ga mafi yawan mutane. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta, ana ƙara samun masu jin sakamakonsu ana gab da ɗaurin aure, kuma ina ganin wajibi ne duk wanda zai miƙa irin wannan takarda ya zauna ya yi wannan bayanin gaba ɗaya.

Sista Maman Nana:
Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ban yarda gaba ɗaya da cewa laifin namu ne ba. Na taɓa tambayar wani dattijo wannan tambaya cikin ladabi, ya miƙe ya ce ni sa'ar 'yarsa ce, bai sake dawowa ranar da nake aiki ba. Mace kuma idan likita namiji ya tambaye ta alhali mijinta ko surukarta na zaune, cewa za ta yi lafiya lau. Tambayar tana buƙatar wuri da mutumin da ya dace. Abin da muke yi yanzu a sashenmu shi ne mu ce wa kowa, wannan ciwo da magungunansa sukan taɓa zaman iyali, idan akwai abin da kake son faɗa akwai ɗaki a gefe, kuma za ka zaɓi namiji ko mace. Da aka mayar da ita magana ta kowa da kowa, sai masu buɗe baki suka ƙaru. Malam Abu Hanif, kana da haƙƙin ka ce a fitar da ɗalibai a rufe ƙofa, ba rashin kunya ba ne. Idan bakin ya yi nauyi, rubuta a takarda ka miƙa masa tare da katinka.

Malam Ɗanjuma:
Na karanta duka, kuma batun aman jini da na ƙwayar da ake dakawa a jarka ban san su ba a da. Na janye shawarar da na ba shi ta ya sha. Amma ina nan a kan cewa muddin ganin likitan hanta sai mutum ya yi tafiyar awa uku ya kwana a layi, mutanen ƙauyenmu wurin mai saiwa za su ci gaba da zuwa, kuma gara a koya wa masu maganin su gane idon da ya yi ɗorawa da cikin da ya tara ruwa su tura asibiti, da a yi ta zaginsu daga nesa.

Abu Hanif:
'Yan'uwa, na dawo bayan mako uku in gaya muku inda aka kwana. Jarkar na mayar wa abokina na yi masa godiya. Na bi shawarar Sista, na rubuta layi uku a takarda na miƙa wa likita, ya karanta, ya sallami ɗaliban da kansa ya rufe ƙofa. Ya rage mini Aldactone zuwa rabi, ya ce in riƙa auna nauyina kowace safiya in rage gishiri sosai don kada ruwan ya dawo, ya bar Inderal yadda yake, ya kuma rubuta gwajin testosteron da na sukari da zan yi da safe kafin in koma wata mai zuwa. Ya ce ba zai ba ni ƙwayar ƙarfi ba sai ya ga sakamakon da ma'aunin jinina.

Maganar iyali ita ta fi yi mini nauyi. Daren Juma'a bayan yara sun kwanta na nuna mata takardar magungunan, na karanta mata bayanin Likita daga wayata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ita duk tsawon shekarar nan ta ɗauka warin jikinta nake gudu tun bayan haihuwar autanmu, har turaruka ta yi ta saye da kuɗin adashinta. An gwada ta tun farko ba ta da ciwon, amma allura biyu kawai ta yi ta bari, don haka ranar Litinin za mu je tare a duba yadda za ta kammala, a kuma gwada yaran guda biyu manya da ba mu da tabbacin an yi musu. Jikin bai canza ba tukuna, nonon ma yana nan da zafinsa, amma na daina zaman majalisa bayan isha'i. Hajiya Ummu Ilham, matata ta ce in tambaye ki ko kin samu an duba miki ƙurjin.

Ummu Ilham:
Ka gaishe ta, ka ce na gode da kulawa. An ba ni ranar ganin likitan tiyata ranar 14 ga wata, kuma maigidana ya ce shi zai raka ni ya shiga tare da ni.